Ɗaurin Talala: Tarihin Alkamar Amurka da Siyasar Yunwa

Duk wanda ya taɓa leƙa sansanin 'yan gudun hijira, a Maiduguri ne ko a Diffa, ya san buhun nan. An buga masa tambari mai launin ja da shuɗi, a tsakiya hannuwa biyu suna musabaha, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa kyauta ce daga al'ummar Amurka. Hatsin ciki kan ƙare, buhun bai ƙare ba: a yi labule da shi, a shimfiɗa a shanya kuɓewa, ko a toshe inda bukka ke yoyo. Gwangwanin man girkin da ke rakiyarsa shi ma daga baya sai ya koma mudun awo ko abin ɗiban ruwa. Uwar da ta karɓi buhun ta ɗora tukunya ba ruwanta da siyasar duniya, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinta. Sai dai buhun yana da tarihin da ya haura shekara 70, kuma wanda ya bi shi tun daga tushe zai tarar tun ranar da aka ɗinke bakin buhun farko akwai sauran igiya a hannun mai bayarwa.

Masu kiwo sun san ɗaurin talala. A kafa turke, a ɗaura wa akuya doguwar igiya, ta yi ta kiwonta tana ganin kamar a sake take. Ranar da ta nufi gonar da ba a so ta shiga, igiyar ce za ta tuna mata matsayinta. Shekara da shekaru masu sukar agajin manyan ƙasashe suna cewa haka agajin yake. Babu inda wannan magana ta fito fili kamar a tarihin shirin abincin Amurka, domin su kansu masu shirin ba su cika ɓoye igiyar ba.

Rumbun da ya cika ya batse

Tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Amurka ta ɗanɗana daɗin wannan makami. A 1919 Herbert Hoover, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, shi ke jagorantar hukumar da ke ciyar da Turai. Da 'yan gurguzu suka karɓe mulki a Hungari ƙarƙashin Bela Kun, sai aka fito aka faɗa wa mutanen ƙasar cewa abinci yana jiran ranar da suka sauya gwamnati. Kwana 133 gwamnatin ta yi ta faɗi. Hukumar nan dai ita ce ta ciyar da mutum kusan miliyan 10 a Rasha lokacin yunwar da ta fara a 1921, alhali 'yan gurguzun ne ke mulki. Tun daga nan tausayi da lissafi suke tafiya a buhu ɗaya.

Shirin da muka sani a yau kuwa daga matsalar cikin gida ya samo asali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manoman Amurka sun samu tarakta da takin zamani da ingantaccen iri, gwamnati kuma ta yi musu alkawarin sayen duk abin da kasuwa ta kasa ɗauka. Turai ta farfaɗo ta koma ciyar da kanta, yaƙin Koriya ya tsaya a 1953, sai alkama ta rasa masaya. Rumbunan gwamnati suka cika, har aka koma zuba ta a cikin tsofaffin jiragen ruwan dakon kaya na zamanin yaƙi da aka jera a kogin Hudson. Kuɗin ajiya kaɗai ya kai wajen dala miliyan ɗaya a kowace rana. Wani manomi ne a jihar Kansas ya kawo shawara a taron ƙungiyar manoma cewa a kai rarar nan ƙasashen da ke buƙata. A ranar 10 ga Yuli, 1954, Shugaba Eisenhower, wanda shi ma a Kansas ya tashi, ya sa hannu a dokar da aka fi sani da PL 480.

Sunan dokar ma ya ishi mai lura, domin bunƙasa cinikin amfanin gona aka fara ambata kafin a zo ga taimako. Mafi yawan hatsin ba kyauta aka ba da shi ba. Sayarwa aka yi, amma ƙasa ta biya da kuɗinta na gida, rufi ko fam ɗin Masar, a zuba a wani asusu a cikin ƙasar wanda Amurka ke iko da shi. Daga nan take biyan hidimar ofishin jakadancinta, ta ranta wa gwamnatin ƙasar, ta ranta wa kamfanonin Amurka da ke son kafuwa a can. Wata dokar ta wannan shekarar ta ce aƙalla rabin kayan a jiragen Amurka za a ɗauko su, ko da na wasu sun fi araha. An kuma ce ƙasashen abokai kaɗai za a sayar wa, amma Yugoslabiya ta Tito, wadda ta ɓata da Stalin, ta samu, Polan ma ta samu daga 1957, don a ɗan janye su daga jikin Mosko.

A 1957 Sanata Hubert Humphrey, babban mai kare shirin, ya faɗi abin da ya zama hujjar masu suka har gobe. Ya ce ya ji ana fargabar mutane za su dogara da Amurka wajen abinci, shi kuwa a wurinsa wannan albishir ne, domin in kana son mutane su jingina da kai su ba ka haɗin kai, babu kamar su dogara da kai a kan abin da za su ci. Da Kennedy ya hau a 1961 sai aka ƙara wa shirin kwarjini da sunan Abinci Don Zaman Lafiya, aka kuma kafa hukumar USAID a wannan shekarar.

Masar: wanda bai ji daɗi ba ya sha ruwan teku

Misrawa suna kiran gurasarsu aish, wato rayuwa. Ƙasa ce da jama'arta ke cunkushe a gaɓar kogi ɗaya, kuma tun tuni gonakinta suka kasa ƙosar da ita. Kennedy ya ga cewa da alkama za a iya sassauto da Jamal Abdul Nasir, a rage masa karkata zuwa Tarayyar Sobiyet. A 1962 aka ƙulla yarjejeniyar shekara uku ta sama da dala miliyan 400. Aka wayi gari kusan duk alkamar da ke shiga Masar daga waje ta Amurka ce.

Ba a jima ba aka fara jin tsayin igiyar. Nasir ya tura dubun-dubatar sojoji Yaman suna yaƙi da ɓangaren da Saudiyya ke mara wa baya, yana kuma taimakon 'yan tawayen Kwango. A Nuwamban 1964 ɗaliban Afirka da ke Alƙahira, cikin fushin abin da Amurka da Beljiyam suka yi a Kwango, suka ƙone ɗakin karatun Amurka. A Disamba jiragen yaƙin Masar suka harbo jirgin wani attajirin mai na Texas, abokin Shugaba Lyndon Johnson. Ana cikin haka ministan da ke kula da abinci ya tayar wa jakadan Amurka da maganar ƙarin alkama, jakadan ya nuna masa ba yanzu ba. Labari ya isa kunnen Nasir a matsayin barazana.

Ranar 23 ga Disamba, 1964, a birnin Port Said, ga babban baƙo daga Mosko zaune a gefensa, Nasir ya miƙe ya ce Masar ba za ta sayar da 'yancinta saboda abinci ba, wanda halinta bai yi masa ba ya je ya sha ruwan teku, in Bahar Rum bai ishe shi ba ga Bahar Maliya. Jama'a suka yi ta sowa. Johnson ya dakatar da jigila, daga baya ya saki ta wata shida kacal, a tsakiyar 1966 kuma ya rufe ƙofa gaba ɗaya. Masar ta koma kashe ɗan kuɗin wajen da take da shi a kan alkama, tana neman cikon a wurin Sobiyet.

Jawabin ya yi daɗin ji, amma bai ƙara wa rumbun Masar ko tiya ɗaya ba. Bayan yaƙin 1973 da Isra'ila, da magajin Nasir, Anwar Sadat, ya juya fuska zuwa Washinton, sai jiragen suka dawo, kuma bayan sulhu da Isra'ila Masar ta zama kan gaba a jerin masu karɓa. Yunwar Bamisire ba ta sauya ba tsakanin 1966 da 1979. Alƙiblar gwamnatinsa ce ta sauya. Har yau Masar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen alkama a duniya.

Indiya: daga jirgi sai baki

Indiya ta samu 'yanci a 1947 da tabon yunwar Bengal ta 1943, wadda ta ci mutum wajen miliyan uku. A 1960 ta ƙulla da Eisenhower yarjejeniyar tan miliyan 16 na alkama da tan miliyan ɗaya na shinkafa cikin shekara huɗu. Wannan araha ta kwantar wa gwamnati da hankali. Ta zuba ƙarfinta a kan masana'antun ƙarfe da manyan madatsun ruwa, farashin hatsi ya kwanta a birane, manomi kuma bai ga abin da zai sa ya ƙara himma ba.

Sai daminar 1965 ta ƙi. Hatsin da aka girbe ya faɗo daga wajen tan miliyan 89 zuwa 72. A shekarar ne kuma aka gwabza da Pakistan, Amurka ta dakatar da taimako ga ƙasashen biyu. Firaminista Lal Bahadur Shastri ya roƙi jama'a kowa ya haƙura da cin abinci sau ɗaya a mako, aka riƙa kwana da yunwa a daren Litinin. Daminar 1966 ma ta ƙi, jihar Bihar ta shiga uku.

A nan ne Johnson ya ɗauki matakin da mutanensa suka riƙa kira gajeriyar igiya. Ya hana a yi doguwar yarjejeniya. Shi da kansa yake amincewa da jigila, ta wata ɗaya ko biyu, sai ya ga abin da Indiya ta yi sannan ya saki ta gaba. Abin da yake nema a fili shi ne a gyara harkar noma: a sa kuɗi a taki da iri, a buɗe wa kamfanonin waje ƙofar harkar taki. Ministan noma na Indiya, Subramaniam, ya amince da hakan a wata ganawa da takwaransa na Amurka, Orville Freeman, a birnin Rum a Nuwamban 1965. Indira Gandhi, wadda ta gaji Shastri, ta je Washinton a Maris 1966, a watan Yuni kuma ta karya darajar rufi, dala ta tashi daga rufi 4.76 zuwa 7.50. 'Yan adawa suka ce an sayar da ƙasa.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a takarda ba. A Yulin 1966 Indira ta je Mosko, ta sa hannu a sanarwar da ta nemi Amurka ta daina ruwan bama-bamai a Biyetnam ta Arewa. Johnson ya fusata, ya riƙe alkama daga ƙarshen damina har zuwa Disamba, daidai lokacin da Bihar ke kuka. Da aka tuna wa Washinton cewa abin da Indira ta faɗa bai wuce abin da Fafaroma da babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya suka faɗa ba, amsar da ta dawo ita ce su waɗannan biyun ba su buƙatar alkamar Amurka.

Indiyawa suka sa wa zamanin suna, suka ce rayuwa ce ta daga jirgi sai baki. A tashoshin Bombay da Kalkata ana sauke alkama dare da rana, daga jirgin ruwa zuwa taragon jirgin ƙasa, daga nan zuwa kantin rabo inda mata ke layi da katin awo a hannu. Jirgi ya makara mako biyu, tukunya ta sauka a wani ƙauye. A 1966 kaɗai hatsin da aka shigo da shi ya kai wajen tan miliyan 10, wanda ya fito daga Amurka kuwa ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na alkamar da ta noma. Gaskiya ɗaya ce: ba don wannan alkama ba, da an binne mutane masu yawan gaske. Amma shugabannin Indiya ba su manta da wulaƙancin ba.

Abin da suka yi da wannan haushi shi ya bambanta su da Masar. A 1966 suka sayo tan 18,000 na irin gajeriyar alkama daga Meziko, wadda Norman Borlaug ya inganta, masanin ƙasar Swaminathan da abokan aikinsa suka daidaita ta da ƙasar Punjab. Gwamnati ta yanka wa manomi farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, ta sa hukumar da ta kafa a 1965 ta riƙa saye tana tarawa. Girbin alkama na 1968 ya kusa tan miliyan 17, bayan na shekarar da ta gabata bai kai 12 ba. Wurin ajiya ya yi kaɗan har aka riƙa zuba hatsi a azuzuwan makaranta. A 1974 jakadan Amurka Daniel Moynihan ya miƙa wa Indiya cek na rufi biliyan 16.64, wato yafiyar mafi yawan kuɗin da suka taru a asusun alkama. Sabon noman ya zo da nasa ciwon, musamman ƙafewar ruwan ƙarƙashin ƙasa a Punjab, amma yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa.

1974, shekarar tonon silili

A farkon shekarun 1970 rarar ta ƙare. Tarayyar Sobiyet ta kwashi hatsin Amurka mai yawa a 1972, farashi ya yi tashin gwauron zabi, man fetur ma ya bi sahu. Da hatsi ya yi tsada sai buhun agaji ya motse, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Ɗan abin da ya rage kuma ina ya nufa? Kusan rabin kuɗin shirin a 1974 Biyetnam ta Kudu da Kambodiya aka kai, inda gwamnatocin da Amurka ke goya wa baya suke sayar da abincin su biya sojoji. 'Yan majalisa suka riƙa yi wa shirin ba'a da sunan Abinci Don Yaƙi. A Cile an hana gwamnatin Salvador Allende bashin alkama. Sojoji suka kifar da shi ranar 11 ga Satumba, 1973, ba a rufa wata guda ba aka ba su bashin dala miliyan 24. Ministan noma na Amurka Earl Butz bai yi nauyin baki ba, ya ce abinci makami ne, kuma yana cikin manyan kayan aikin Amurka a teburin ciniki.

Wadda ta fi kowa jin jiki ita ce Bangaladesh. Ƙasa ce jaririya, wadda ta ɓalle daga Pakistan a 1971 bayan yaƙin da Amurka ta tsaya wa Pakistan a cikinsa. A daminar 1974 kogin Brahmaputra ya yi ambaliya, ya cinye gonaki, leburorin gona suka rasa aiki, farashin shinkafa ya ninka. Gwamnatin Sheikh Mujibur Rahman, wadda aljihunta ya bushe, ta nemi hatsi a ƙarƙashin PL 480. Sai aka ce mata akwai matsala: ta sayar wa Kyuba buhunan algarara na 'yan miliyoyin daloli, dokar Amurka kuma ta hana sayar da abincin rangwame ga mai ciniki da Kyuba. Algarara ita ce kusan kaɗai hajar da ƙasar ke da ita. Dole ta yi alkawarin daina cinikin, aka kuma jira jirgin ƙarshe mai ɗauke da buhunan ya tashi kafin a sa hannu. Kafin hatsin ya iso, yunwar ta riga ta yi ɓarnarta.

A lardin Rangpur mutane suka bar ƙauyuka suka kwarara birni. Gwamnati ta buɗe gidajen dafa abincin sadaka kusan 6,000, waɗanda suke kira langarkhana, ana ciyar da sama da mutum miliyan huɗu da 'yar gurasa ko kunu. Hukuma ta ce mutum wajen 26,000 suka mutu, masu bincike kuma suka kai lissafin miliyan ɗaya ko fiye. Masanin tattalin arziki Amartya Sen, a littafinsa na 1981 kan talauci da yunwa, ya nuna cewa shinkafa ba ta ɓace daga ƙasar ba a shekarar, tsada da ɓoye kaya da rashin abin saye ne suka kashe mutane. Saboda haka ba za a ɗora wa Washinton laifin duka ba. Amma rumbun gwamnati da ya kamata a buɗe a karya farashi a lokacin wayam yake, jiragen da za su cika shi kuwa an tsare su a kan maganar buhu. Fidel Castro bai rasa ko loma ɗaya ba. Leburan Rangpur, wanda bai taɓa jin sunan Kyuba ba, shi ya biya.

A Nuwamban shekarar aka yi babban taron abinci na duniya a Rum, inda sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger ya yi alkawarin cewa cikin shekara goma babu yaron da zai kwana da yunwa. Kunyar abin da ya faru ta sa majalisar Amurka a 1975 ta wajabta kai kashi 75 cikin ɗari na abincin rangwame ga ƙasashen da suka fi talauci.

Mai riƙe da ludayi

Adalci shi ne a faɗi ɗaya gefen, domin ba mai aikowa kaɗai ke siyasa da buhu ba. Mai rabo ma yana yi. Dattawan Nijar suna tune da farin da ya addabi Sahel daga 1968 zuwa 1974. Agaji ya zo a makare, wanda ya iso kuma aka yi ta ƙorafin yana maƙalewa a hannun manya. Wannan zargi yana cikin hujjojin da Seyni Kunce ya kafa da ya kifar da Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu, 1974. A Satumban shekarar Sarki Haile Selassie na Habasha ya bi sahu, bayan asirin yunwar Wollo da fadarsa ta ɓoye ya tonu.

Shekara goma bayan haka, daidai wa'adin Kissinger, Habasha ta sake faɗawa. Gwamnatin Mengistu ta Mosko ce, saboda haka ƙasashen Yamma suka yi ta jan ƙafa, shi kuma yana can yana shagalin cikar juyin juya hali shekara goma. Sai da BBC ta nuna sansanin Korem a Oktoban 1984 duniya ta girgiza, Shugaba Reagan ya ce yaro mai jin yunwa bai san siyasa ba. Abinci ya kwararo, ya ceci rayuka da yawa. Amma gwamnati ta mai da wuraren rabo tarko, tana kwashe mutane daga arewa, inda 'yan tawaye ke da ƙarfi, tana kai su kudu ƙarfi da yaji. Mutum wajen 600,000 aka kwashe, dubun-dubata suka mutu a hanya ko a sabon mazaunin. Ƙungiyar likitocin Faransa ta MSF ta fito ta yi magana, aka kore ta a Disamban 1985. Sauran suka yi shiru don a bar su su ci gaba da ciyarwa. Har yau ana gardama a kan wa ya yi daidai.

Abin da masu suka ke cewa

Sukar ba daga baki ɗaya take fitowa ba. Tun 1960 masanin tattalin arziki Theodore Schultz ya yi gargaɗin cewa hatsin araha yana kashe wa manomin gida kasuwa. Susan George a 1976 ta ce shirin share fage ne ga manyan kamfanonin hatsi: a koya wa baki cin burodi da kyauta, gobe ya saya da kuɗi. Thomas Sankara na Burkina Faso ya riƙa faɗa wa mutanensa cewa wanda ke ciyar da kai shi ke juya ka, wato dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Alex de Waal a 1997 ya kawo wata hujjar mai nauyi: idan baƙo ya ɗauke wa gwamnati nauyin ciyar da talakawanta, sai talaka ya daina tuhumar shugabansa a kan yunwa, shugaban ma ya daina tsoron talaka. A 2007 ƙungiyar CARE ta haƙura da wajen dala miliyan 45 a shekara, ta ce ta daina tsarin sayar da hatsin Amurka a kasuwannin Afirka don samun kuɗin aiki, saboda yana cutar da manoman wurin.

Ma'aikatan agaji kuma suna da nasu kukan. A Oktoban 2001 jiragen Amurka suna jefa wa Afganistan bama-bamai, suna kuma jefa ƙunshin abinci. Ledar abincin ruwan ɗorawa ce, 'ya'yan bam ɗin da ke warwatsuwa su kwanta a ƙasa ba su fashe ba su ma ruwan ɗorawa ne, sai da aka sauya wa ledar launi. A watan ne sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Colin Powell, ya kira ƙungiyoyin agaji masu ƙara wa rundunarsu ƙarfi. In mai bayarwa ya faɗi haka da bakinsa, ta yaya direban motar abinci zai shawo kan mai bindiga cewa shi ba ya ɓangaren kowa?

Masu kariya suna cewa babu ƙasar da ke ba da dukiyar jama'arta don Allah zalla, kuma da a ce sai niyya ta tsarkaka za a loda jirgi, da babu jirgin da zai tashi. Wanda ya rayu a Bihar ko Korem, in ji su, bai tambayi niyyar kowa ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Malamanmu sun karantar da mu cewa gori yana ɓata ladan sadaka, amma ba su ce yana hana tuwon ƙosar da wanda ya ci ba.

Ranar da aka tuge turke

A ranar 20 ga Janairu, 2025, Shugaba Trump ya dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90. Sakataren harkokin waje Marco Rubio ya ce kowace dala sai ta amsa tambaya: ta ƙara wa Amurka tsaro, ko ƙarfi, ko arziki? Zuwa 1 ga Yuli an rufe USAID. Cikin waɗanda suka fi ɗaga murya don a ceto shirin abincin akwai 'yan majalisa daga Kansas, jihar da maganar ta faro, domin manomansu sun rasa babban mai saye. Shekara 71 ke nan, an dawo inda aka tashi.

A sansanonin Barno da na gabashin Cadi kuwa, rabo ya ragu, wasu wuraren kula da yara masu tamowa sun rufe. Waɗanda suka daɗe suna kukan igiya sun ga an tuge turken, sai ga shi babu ciyawa a wajen da'irar. A duk tsawon tarihin nan, ko an ja igiyar ko an sake ta, ba wuyan Nasir ko na Mengistu take shaƙewa ba, na mai layi da kwano ne. Kakanninmu da suka ga yunwar Kakalaba ta 1914 sun san cewa zanen aro ba ya rufe katara, shi ya sa magidanci na ƙwarai yake keɓe rumbun tsimi, ya liƙe bakinsa da laka, ba a fasa shi sai shekarar da damina ta juya baya. Indiya sai da aka kunyata ta a gaban duniya sannan ta gina nata. Buhu mai hannuwa biyu kuwa, wanda ya riga ya iso, yana nan rataye a ƙofar bukka yana tare rana.